Kafin a zuba kuɗi a kwamfuta mai furosesa biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da ƙannenmu da 'ya'yanmu na zangunan Kumasi da Akra waɗanda suka kama sana'ar zane da kwamfuta: masu fitar da hoton gida tun ba a haƙa harsashinsa ba, don ɗan uwa da ke Jamus ko Amurka ya ga abin da za a gina masa, da masu haɗa tallan talabijin, da ɗaliban zanen gine-gine na jami'ar KNUST. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ta sayen manyan kwamfutoci 'yan hom-yus, wato na hannu da ake shigo da su daga waje, masu furosesa biyu (furosesa shi ne ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi), a Adum nan Kumasi ko a Tip Toe Lane da ke Circle, da hujja guda ɗaya tak: wai ƙwaya 28 ce, wai ƙwaya 44 ce, ƙwaya kuwa ita ce kowane sashe na furosesa da ke iya yin nasa lissafin shi kaɗai. Yaro ya yi shekara yana tara sidi, ya ɗauko ƙarfen da sai mutum biyu sun kama, ya kai ɗaki ya kunna, sai ya tarar ba ta fi laftof ɗin abokinsa sauri ba. Kwamfutar ba ta yi laifi ba. Ba a tambayi aikin da za ta yi ba ne kafin a ƙirga kuɗi.

Rendarin, wato wanke hoton da aka zana ya fito da haske da inuwa kamar an ɗauka da kyamara, lissafi ne da ake yi wa kowane ɗigo na hoton. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kuma a kowane ɗigo manhaja tana harba ɗaruruwan zaren haske ta bi su, ta ga bangon da suka buga da gilashin da suka ratsa. Lissafin wannan ɗigo ba ya jiran na wancan, shi ya sa aikin ke rabuwa. Kamar ranar zuba dakin ne, wato kankaren rufin bene: lebura talatin, kowa da kwanon sarkinsa, sun fi ƙato guda komai ƙarfinsa. A nan kam sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma kafin ranar zuba kankare akwai magini da ke jan igiya yana daidaita kusurwa, kuma wannan aiki ko lebura ɗari ka tsayar masa ba za su rage masa minti ɗaya ba. Jan layi a AutoCAD, ɗaga bango a SketchUp, juya gida a Revit, galibinsu a kan ƙwaya ɗaya suke tafiya. Abin da suke so shi ne ƙwaya mai gudu. Xeon E5-2680 v4, wanda ya fito a 2016, ƙwaya 14 gare shi, amma iyakar gudunsa gigahaz 3.3 ne, kuma da tsohon ƙira. Ryzen 9 7950X na 2022 yana taɓa 5.7, kuma ƙwayoyinsa 16 sun fi ƙwaya 28 na waɗancan Xeon biyun fitar da rendarin, da rata mai yawa ma. Saboda haka ƙwayar 2016 da ta 2022 suna ne kawai ya haɗa su.

Ko a cikin rendarin ɗin kansa akwai kason da ba ya rabuwa. Kafin a fara harba haske, sai manhaja ta karanto fayil, ta ɗora fatun abubuwa, wato hotunan da ake lulluɓe su da su don su fito kamar katako ko yadi ko dutse, ta jera kayan wurin a tsarin da za ta neme su da sauri, sannan a ƙarshe ta rubuta hoton a faifai. Gene Amdahl ya bayyana wannan tun 1967: idan kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaya dubu ka zuba saurin ba zai wuce ninki 20 ba. Da ƙwaya 28, lissafin ninki 12 ma bai cika ba. Mai hoto ɗaya babba da ke cin awa guda ba zai ji wannan ba. Mai bidiyo da kowane firem, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyon, ke cin daƙiƙa 40, daƙiƙa 15 daga ciki shiri ne, shi ne zai ga ƙwayoyinsa zaune suna jira a kowane firem. A Blender akwai wurin da ake kira Persistent Data, idan an kunna shi ba a sake shirya kayan daga farko a kowane firem, sai dai yana ƙara cin ram, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Motsin hayaƙi da ruwa da yadi kuwa, firem na biyu sai ya jira na ɗaya, don haka a gasa shi, wato a gama lissafin motsin, tukuna a ajiye kafin a fara rendarin.

To, tambayar farko ita ce: wace manhaja kake wanke hoto da ita? A nan gizo ke saƙa. Lumion da Twinmotion da Enscape da D5 Render, waɗanda yawancin masu zanen gida a garin nan suka fi so, duk a kan katin hoto suke aiki, wato allon da ake cusawa a kwamfuta don lissafin hoto, ba a kan furosesa ba. Haka Octane, haka Redshift a yadda aka saba amfani da shi. Wanda ke aiki da ɗaya daga cikinsu, furosesa na biyu ba zai tsinana masa komai ba face shan wuta. Corona kuwa furosesa zalla take ci, kowace ƙwaya ka ba ta za ta saka ta aiki. V-Ray da Arnold da Cycles na Blender suna iya bin kowace hanya, sai dai tun da Nvidia ta fitar da katunan RTX a 2018, masu sashe na musamman don bin zaren haske, kuma Blender 3.0 ta fito a Disambar 2021 da Cycles sabon zubi, kati matsakaici ɗaya yakan riga Xeon biyu gama hoto. Mun fi jaddada wannan saboda yawancin 'yan hom-yus ɗin nan suna zuwa da tsohon katin Quadro, K2200 ko K4200, masu gigabait 4 daga 2014. Sunan Quadro yana da kwarjini a bakin mai shago, amma waɗannan katuna ba su da sashen bin haske, kuma sababbin manhajoji da dama sun daina kula su.

Kada a ɗauka kati ya gama da furosesa. Kati yana da sito nasa, wato ram ɗinsa na kansa, kuma ƙarami ne. RTX 3060 gigabait 12 gare shi, RTX 3090 da 4090 kowanne 24. Fatar abu ɗaya mai ɗigo 4096 a kowane gefe tana iya cin megabait 64 idan an buɗe ta, mai 8192 kuma 256. Kujera guda tana iya zuwa da fata huɗu ko biyar. Ka zuba bishiyoyi da ciyawa da motoci da labule a hoton unguwa sukutum, sai siton ya cika, manhaja ta tsaya da saƙon ƙarancin wuri ko ta koma tafiyar hawainiya. A irin wannan hali ne kwamfuta mai furosesa biyu da ram gigabait 128 ke nuna amfaninta, don za ta haɗiye aikin da kati ya kasa, ko da a hankali. Amma kafin a kai nan, a rage girman fatun abubuwan da ke nesa da kyamara, a riƙa maimaita bishiya ɗaya maimakon kwafa ta sau ɗari biyu. Kuma a sani, don a rage yashi-yashin hoto zuwa rabi sai an ninka yawan harbin haske sau huɗu, shi ya sa kunna mai share yashi irin Open Image Denoise na Intel ya fi sayen ƙarin ƙwaya riba.

Wanda ya duba aikinsa ya ga lalle furosesa biyun yake bukata, to ya san zuriyar da zai saya. HP Z820 na 2012 yana ɗaukar Xeon E5-2600 na farko da v2, da ram DDR3. HP Z840 na 2014, da Dell Precision T7810 da T7910, suna ɗaukar v3 da v4, da ram DDR4. Bambancin ya wuce shekara: daga v3 ne aka fara samun umarnin lissafi da ake kira AVX2, kuma akwai sababbin manhajoji da ba sa ma tashi idan babu shi. Arahar Z820 tana jan hankali, amma araha ba ta ado. Sannan lambar furosesa tana faɗin gaskiyarta. Wanda ya fara da E5-26 shi ke yarda a haɗa shi da ɗan uwansa, wanda ya fara da E5-16 shi kaɗai yake zama. Wanda zai riƙa zane da rendarin a kwamfuta ɗaya, E5-2667 v4 mai ƙwaya 8 da gudun gigahaz 3.2 zai fi masa daɗin hannu a kan E5-2699 v4 mai ƙwaya 22 da 2.2. Mai kuɗi da yawa kuwa ba ya ma bukatar gurbi biyu yanzu: Threadripper 3990X na 2020 ƙwaya 64 ne a furosesa guda, 7995WX na 2023 kuma 96.

Sau da yawa kwamfutar tana sauka daga Tema da furosesa ɗaya, gurbi na biyu a rufe da murfin roba, mai shago ya ce ai ƙarawa kawai za a yi. Za a iya, amma da sharuɗɗa. Dole na biyun ya zama tagwayen na farko, lamba ɗaya, har ƙaramar lambar nan mai farawa da SR da ke rubuce a kan murfinsa na ƙarfe. Yana bukatar ƙarfen sanyaya nasa da fankarsa, na wannan samfurin kwamfuta, ba kowanne ba. A Z620 da Z640 ma furosesa na biyu a wani allo daban yake zama, wanda ake cusawa a tsaye, kuma allon nan yakan yi wuyar samu. Idan kwamfutar ta zo da v3 ana so a sa v4, a sabunta BIOS, manhajar babban allo da ke tada kwamfuta, tun tsohon furosesa na ciki. Wanda ya cire tukuna, zai kunna ya ga fanka na juyawa allo kuwa baƙi ƙirin.

Wurin sakawa nan ne aka fi yin ɓarna. Gurbin yana da ƙananan allurai 2011, siraran da suka fi gashin buroshi laushi, duk sun kwanta gefe guda a jere. Ka haska su da tocilar waya daga gefe, lafiyayyu za su yi sheƙi bai ɗaya kamar shimfiɗaɗɗen karan-miski, wanda ya lanƙwashe kuwa zai fito da ɗigon haske shi kaɗai a inda bai kamata ba. Allura ɗaya ta isa ta ɓatar da layin ram guda, ka sa gigabait 64 kwamfuta ta ce 56 ta gani. A riƙe furosesa ta gefe, a daidaita alamar kusurwa uku da ta gurbi, a ajiye shi a hankali ba tare da an ja shi ba. A goge tsohon man zafi da auduga da sifirit mai ƙarfi, a sa sabo, a ɗaure kusoshin ƙarfen sanyaya huɗu ta gicciye, juyi biyu nan juyi biyu can, har su zauna tare. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya har ƙarshe ya karkatar da nauyin, kuma alamarsa ita ce dai ram ɗin da ke ɓacewa.

Maganar ram tana bukatar natsuwa, domin nan ne ake asarar sauri ba tare da an sani ba. Kowane furosesa yana da layi huɗu nasa zuwa ram. Furosesa biyu, layi takwas ke nan, saboda haka sanda takwas iri ɗaya ake so, huɗu nan huɗu can: takwas masu gigabait 8 su ba da 64, takwas masu 16 su ba da 128. Sanda biyu masu 32 ma 64 ne a lissafi, amma layi biyu kacal ka buɗe cikin takwas, ƙwaya 28 na turereniya a ƙofa biyu. Abin da ya fi wannan muni shi ne a jibge ram duka a gefen furosesa ɗaya. Mu koma wurin zuba dakin. Ƙungiyar lebura biyu, kowace da tsibin yashinta a gabanta, tsakaninsu katako ɗaya aka gitta a kan rami. Muddin kowa na ɗiba daga tsibinsa, aiki na gudu. Ranar da aka zube yashin duka a gefe guda, rabin leburan sai sun bi layi a kan katakon nan. Wannan tsari shi ake kira NUMA, katakon kuma shi ne mahaɗin QPI da ke tsakanin furosesa biyun. Tsarin ramukan da za a fara cikawa yana nan a zane a cikin murfin kwamfutar, a bi shi. Ram ɗin kuma mai rajista ne mai gyara kuskure, ECC, ba irin na kwamfutar ofis ba, kuma ba a gauraya nau'o'insa biyu, RDIMM da LRDIMM. Haka wasu ramukan kati suna rataye ne a furosesa na biyu, idan babu shi matattu ne.

Windows ma tana da nata ƙa'idojin. Home furosesa ɗaya kawai take gani, sai Pro ke ganin biyu. A buɗe Task Manager a duba inda aka rubuta Sockets, idan 1 ne alhali biyu ke ciki, to rabin kuɗinka na barci. Sannan kowace ƙwaya a waɗannan Xeon tana jan zaren aiki biyu, Windows 10 kuma tana kasa zaren aiki rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce 64 ba. E5-2680 v4 biyu zare 56 ne, sun shiga rukuni ɗaya lafiya. E5-2699 v4 biyu kuwa zare 88 ne, sai a raba su gida biyu, kuma manhajar da ba a rubuta ta da sanin wannan ba rabi kawai za ta yi amfani da shi. Manyan manhajojin rendarin sun san hanya, ƙananan da ake liƙa musu ne ba duka ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma waɗannan Xeon v3 da v4 ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Mai aiki da Blender yana da mafita, ya sa Ubuntu a madadin Windows, kuma yakan sami ɗan ƙarin sauri ma. Mai SketchUp da Revit da Lumion ba shi da wannan ƙofa. A sa wannan a ma'auni tun kafin ciniki.

Yanzu wuta, wadda ita ce ƙashin bayan wasiƙar nan, don duk wanda ya rayu a shekarun dumso, na yawan ɗauke wuta, ya san ba a raina ta. Mu yi lissafi. Furosesa biyu masu wat 120, 240 ke nan. Katin RTX 3060, 170. Babban allo da ram da faifai da fankoki, a ce 90. An kai 500. Akwatin wutar kansa yana zubar da kusan kashi 10 cikin 100 a matsayin zafi, ga allon kallo, sai a doshi 600 idan komai na aiki tare. Wat 600 na awa 24 yunit 14.4 ne, a wata kuma 432. Farashin yunit na gida mataki-mataki ne, yawan sha yana tura mutum matakin da ya fi tsada. A gidan haya na zango inda ɗaki shida ke kan mita ɗaya, wannan ba lissafin aljihu kaɗai ba ne, haƙƙin maƙwabci ne. A sa ƙaramar mita ta daban a ɗakin, kowa ya huta. Kuma mai karɓar aiki ya iya wannan lissafi kafin ya yanka farashi: tallan daƙiƙa 30 a firem 25 cikin daƙiƙa firem 750 ne, idan kowanne minti 4 ne, awa 50 ke nan, a wat 450 kuwa yunit 22.5, ban da gyaran da mai aiki zai dawo da shi.

Akwatin wutar waɗannan kwamfutoci na kamfaninsu ne, ba a musanya shi da na kasuwa. Z840 yana zuwa da mai wat 850 ko 1125, T7910 da mai 1300. Mai niyyar sa babban kati ya nemi babban akwati tun a shago, ya ƙirga wayoyin kati da ke ciki, ya auna ko murfi zai rufu, domin katunan zamani suna da tsayi da kauri. Ramin kati yana ba da wat 75, waya mai haƙori 6 wasu 75, mai haƙori 8 kuma 150. Don Allah a guji 'yar wayar nan da ke ɗauko wuta daga mahaɗin faifai na SATA ta mai da ita haƙori 8. Mahaɗin bai wuce wat 54 ba, kuma rendarin ba ya hutawa. Awa goma tana ɗaukar nauyin da ya ninka ƙarfinta, robar ta narke, wani lokaci har da wuta.

UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, irin wanda ake sayarwa da kwamfutar ofis, mai VA 650, wat ɗinsa na gaskiya bai kai 400 ba, kuma batir ɗaya ne ciki mai bolt 12. A kan wannan kaya kuka zai yi ya mutu nan take. Ana bukatar mai VA 1500 zuwa sama, wanda ke fitar da wuta mai santsi irin ta layi, abin da ake rubutawa pure sine wave a kwalinsa, domin akwatunan wutar nan sukan kashe kansu idan aka ba su wuta mai tsalle-tsalle. Ko shi ma mintuna kaɗan zai ba ka, na ajiye aiki da kashewa ko tada janareta, ba na ci gaba da rendarin ba. Batir ɗinsa kuma zafi na cinye shi, a ɗaki mai zafi shekara biyu ma da ƙyar. Inda wuta ke sauka ƙasa da bolt 230 da daddare, a sa sitabilaiza kafin UPS. Mai ƙaramin janareta ya nemi UPS irin wanda ke sake haɗa wutar da kansa koyaushe, don na gama-gari yakan ƙi karɓar wutar janareta ya yi ta komawa batir. Sannan wayar ƙasa. Gidaje da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun ba ya haɗe da komai. Idan jikin kwamfuta na ɗan cizon hannu, a kira mai wayarin ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa. Babu mai kare tsawa da ke aiki yadda ya kamata ba tare da ita ba. Da damina, idan hadari ya haɗu, a zare filogi, a zare wayar intanet ma.

Duk wat ɗin da kwamfuta ta sha zafi yake komawa a ɗaki. Wat 600 kusan BTU 2,000 ne a awa, wajen kwatan ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya. A watan Fabrairu da Maris, ɗakin kwano da ke sama da digiri 30 tun kafin a kunna komai, furosesa zai kai iyakarsa ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, kai kuwa kana mamakin yadda firem ɗin da ya ci minti 4 da asuba yake cin 6 da azahar. A sa manhajar HWiNFO a riƙa duba zafin. Idan yana wuce digiri 85 a ƙarƙashin aiki, a bincika man zafi da fanka da ƙura. Bayan hunturu ka buɗe kwamfutar da ke zaune a ƙasa, za ka ga jar ƙura ta dunƙule a gaban haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kamar bargo, kana iya ɓare ta da yatsa ta fito a haɗe. Da damina ta sauka, ƙurar nan ta sha danshi ta fara cin allon. A ɗora kwamfutar a kan tebur, a bar mata taƙi biyu tsakaninta da bango, a hura ta da bulowa a waje duk wata a lokacin hunturu, ana riƙe fanka da yatsa don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Kuma kada a cire murfin gefe da sunan shan iska. An ƙera cikin ne iska ta shiga ta gaba ta bi ta kan ram da furosesa ta fita ta baya, buɗe murfin yana wargaza wannan hanya.

Akwai dabara ɗaya da ba ta cin ko kwabo, kuma ta fi UPS ceton aiki: kada a taɓa wanke bidiyo kai tsaye zuwa fayil ɗin bidiyo. A fitar da shi hoto-hoto, PNG ko OpenEXR, a haɗa daga baya. Idan wuta ta ɗauke a firem na 600, guda 599 suna nan lafiya. A Blender a cire alamar Overwrite, sai ta tsallake waɗanda aka gama ta ɗora daga inda ta tsaya, sai dai a goge firem na ƙarshe da hannu don wataƙila rabinsa aka rubuta. Idan aka ƙara da alamar Placeholders, kwamfuta biyu ko uku da ke kallon jaka ɗaya ta waya za su raba firem a tsakaninsu ba tare da sun yi karo ba, kuma Flamenco, wadda kyauta ce, tana tsara wannan rabo. Rabon firem yana kauce wa matsalar Amdahl, don kowace kwamfuta na yin nata shirin a lokaci guda. Samari uku da ke da matsakaitan kwamfutoci a shago ɗaya za su iya haɗa su da daddare da wayar Cat6 da ƙaramin akwatin rabo mai gigabit. Sharaɗi shi ne zubin manhaja ya zama ɗaya a dukkansu, fatun su kasance cikin jakar aikin, kuma kada a gauraya firem ɗin kati da na furosesa a fage ɗaya, don ɗan bambancin da ke tsakaninsu yakan fito kamar ƙyaftawa.

A shago kuwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. A je da filasha ɗauke da manhajojin gwaji, CPU-Z da HWiNFO da Cinebench da CrystalDiskInfo da MemTest86, da fayil ɗin aikinka na gaske mafi nauyi. CPU-Z zai nuna furosesa biyun, kuma idan ka ga ES a sunan, samfurin gwaji ne da bai kamata ya shigo kasuwa ba, a bar shi. A bar Cinebench yana juyawa minti 30 ana kallon zafi da gudu. A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, a duba adadin ram layi-layi. CrystalDiskInfo zai faɗi awannin da faifai ya yi yana aiki. Tsohon faifai mai juyawa a mai da shi wurin ajiya, a sa SSD don Windows da aiki. Katin hom-yus kuma a matsa masa sosai, domin tun da aka daina haƙar Ethereum da kati a Satumbar 2022 katunan da suka yi shekaru ba a kashe su ba suka cika kasuwa. MemTest86, mai gwada ram, a kan gigabait 128 yana cin awanni da yawa, saboda haka a yi yarjejeniya a rubuce cewa akwai kwana uku na mayarwa idan ya nuna kuskure.

Ga 'yan uwanmu masu shaguna, roƙonmu shi ne ku riƙa tambayar yaro manhajar da yake aiki da ita kafin ku nuna masa kaya. Idan ya ce Lumion, ku nuna masa furosesa ɗaya mai gudu da kati mai gigabait 12 zuwa sama. Idan ya ce Corona, ku cika masa layin ram takwas, ku gaya masa abin da mitarsa za ta ci a wata.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Daga wasu masu haɗa kwamfuta da gyaranta,
Aboabo, Kumasi.